Hadarin Gabas da Idon Mai Kallo

A ƙarshen watan Mayu ko farkon Yuni, bayan la'asar, wanda ya baro Wudil ya nufi Gaya yakan ga sararin gabas ya fara sauya launi. Da fari gajimare ne fari tas can ƙasa-ƙasa, kamar an tara auduga a bakin kasuwa. Kafin a ci kilomita goma ya haɗe ya yi baƙi ƙirin, gindinsa na jan ƙura ja, iska ta ɗauke cak, awaki sun kama hanyar gida ba wanda ya kora su. Gonaki a share suke, an zuba taki tsibi-tsibi, kukoki sun fara tofo. A cikin motar haya, ma'aikacin da ya taso daga birni zai zo ganin gida yakan zaro waya ya ɗauki hoto, ƙirjinsa cike da wani abu da bai san sunansa ba. A bakin titi kuma ga dattijo da fartanya a kafaɗa, shi ma saman yake kallo, amma lissafi yake yi: ruwan shuka ne wannan, ko iska ce kawai za ta yaye kwanon ɗaki ta wuce? In ya shuka gobe, ruwa ya ɗauke na mako biyu, ina zai samo wani irin?

Sama ɗaya ce, masu kallo biyu. Tambayar ko wane ne a cikinsu ya ga abin da ke wurin ita ce ta sha kan wasu masu zane na Turai shekaru ɗari biyu da suka wuce, kuma amsar da suka bayar, da kuskuren da suka yi wajen bayar da ita, duk suna da amfani ga ɗan bokon da cibiyarsa ke binne a gabashin Kano.

Zamanin da ake magana a kai shi ne wanda masana tarihin fasaha ke kira na Romantik, daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19. Sunan yana ruɗar mai jin Turanci, domin ba shi da alaƙa da littattafan soyayya na kasuwar Kano. Tawaye ne na masu zane da marubuta da makaɗa ga wani ra'ayi da ya yi ƙarfi a gabaninsu, wanda ya ɗauki hankali da awo da lissafi a matsayin hanya ɗaya tak ta sanin gaskiya. Kafin lokacin, makarantun zane na Turai sun jera ayyuka hawa-hawa: zanen tarihi da labaran addini a sama, zanen fuskokin manya a bayansa, zanen fili da itatuwa da kogi kuwa can ƙasa, abin cike gurbi a bayan sarki ko waliyyi. Masu zanen Romantik suka kifar da wannan jeri. Suka ce dutse da hazo da teku suna iya ɗaukar nauyin abin da ke zuciyar ɗan Adam, tsoro da kewa da bege da tunanin mutuwa, ba tare da an saka wani jarumi a tsakiya ba.

Wanda ya kai wannan ra'ayi maƙura shi ne Bajamushe Caspar David Friedrich, wanda aka haifa a Greifswald a 1774, ya yi yawancin rayuwarsa a Dresden, ya rasu a 1840. A 1810 ya nuna wani zane a Berlin wanda ya girgiza masu kallo: wani mai zuhudu shi kaɗai, ɗan ƙanƙani, tsaye a kan rairayin gaɓar teku, gabansa baƙin ruwa, samansa kuma sararin da ya cinye mafi yawan allon. Babu itace a gefe da zai riƙe ido, babu hanya da za ta ja shi ciki. Binciken da aka yi wa allon daga baya ya nuna cewa da farko ya zana jiragen ruwa a kan tekun, sannan ya shafe su da fenti. Wato da gangan ya cire duk abin da mai kallo zai jingina da shi, ya bar shi da girman halitta da ƙanƙantar kansa. Wajen 1818 ya yi zanen da ya fi shahara, wanda yanzu yake Hamburg: wani mutum cikin riga ta alfarma, da sanda a hannu, ya juya baya yana tsaye a kan tsauni, hazo ya lulluɓe duk abin da ke ƙasa da shi. Friedrich yana yawan juya wa mai kallo bayan mutanen da ya zana, domin mai kallo ya shiga rigarsu ya ga abin da suke gani.

Abin da yake nema yana da suna a falsafar lokacin. A 1757 Edmund Burke ya wallafa littafi inda ya raba abin da ke burge ido gida biyu. Akwai mai kyau, wanda yake ƙarami, mai santsi, mai kwantar da rai. Akwai kuma wani daban, mai girma da duhu da ƙarfi, wanda ke sa gaba ta faɗi amma ido ya kasa barinsa. Bahaushe ba ya buƙatar aron kalma a nan, domin yana da kwarjini. Fure yana da kyau. Hadarin gabas yana da kwarjini. Kuka a tsakiyar rani, ba ganye ko ɗaya, rassanta a miƙe kamar saiwoyi, ba wanda zai ce mata kyakkyawa, amma yaro ba ya wuce ta da magariba sai da sauri, babba ma yakan rage murya. Musulmi kuma ya riga ya san wannan kallo ta wata ƙofa, tunda Alƙur'ani a wurare da yawa yana kiran mutum ya dubi sama da duwatsu da ƙasa da saukar ruwa a matsayin ayoyi. Friedrich, wanda Kirista ne mai riƙo da addininsa, kusan haka ya ɗauki abin. A 1808 ya yi zanen tsauni da itatuwa da gicciye a siffar abin da ake ajiyewa a wurin ibada, wani mai sharhi ya yi masa ca, yana ganin zanen fili ya kutsa inda ba a gayyace shi ba.

Sai dai Burke ya gindaya sharaɗi wanda masu sha'awar waɗannan zane-zane ke yawan mantawa. Ya ce abin tsoro yana zama abin daɗin kallo ne kawai idan yana nesa, idan haɗarin bai matso jikin mai kallo ba. A nan ne Ajingi ke shigowa. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su ratsa Wudil, su nufi arewa maso gabas ta gefen ƙasar Ajingi zuwa Ringim da Haɗeja. A cikin marka, wajen Agusta da Satumba, lokacin da madatsun Tiga da Challawa suka cika, ruwan kan fi ƙarfin gaɓarsa, kuma sunan Ajingi yakan fito a jerin ƙananan hukumomin Kano da ake ambata idan aka yi ambaliya. Wanda ya tsaya a kan tudu ya ga fadama ta zama teku, kan gero da dawa kaɗai ke leƙowa, giginyu tsaye cikin ruwa, rana na faɗuwa a kai, lallai ya ga abin da Turner, mai zanen Ingila da ya ƙware a guguwa da igiyar ruwa, zai so ya zana. Amma mai gonar ba ya kan tudu. Abincin shekararsa ne a ƙarƙashin wannan haske, da bashin takin zamani, da katangar ƙasa da ta jiƙe tana shirin zubewa. Ana ba da labarin cewa Turner ya sa an ɗaure shi a jikin turken jirgin ruwa na sa'o'i domin ya ga guguwa da idonsa kafin zanensa na 1842. Masana da yawa suna shakkar labarin, kuma ko da gaskiya ne, wanda ya sa a ɗaure shi yana iya sa a kwance shi.

Saboda haka mutumin Friedrich da ke kan tsauni yana da ɗan'uwa a ƙasar nan, kuma ba manomi ba ne. Shi ne lauyan Abuja ko malamin jami'a ko ma'aikaciyar banki da iyayensu ke Kademi ko Toranke, waɗanda ke zuwa da Sallah ko biki, su tsaya a bayan gari da yamma su ji ƙamshin ƙasa bayan ruwa, su ji wani abu ya motsa. Abin da suke ji gaskiya ne, ba riya ba ce. Kewa ce, kuma kewa ba ta samuwa sai da rabuwa. Haka ta faru a Turai: sha'awar zanen karkara ta bunƙasa ne daidai lokacin da masana'antu ke kwashe mutane zuwa birane, masu sayen zanen kuma mazauna birni ne. Wanda bai taɓa barin gona ba, ba ya rataya hotonta a bango.

Mai zanen da ya fi kusa da wannan hali shi ne John Constable, kuma shi ya fi cancanta ɗan Gaya ya dube shi da kyau. An haife shi a 1776 a ƙauyen East Bergholt na yankin Suffolk, ƙasa shimfiɗaɗɗiya ta noma, ba tsauni ba teku, kogi ɗaya mai tafiya a hankali. Mahaifinsa attajiri ne mai injinan niƙa na ruwa da na iska, kuma Constable ya yi aiki a wurin yana saurayi, inda karanta sama ya zama dole, domin mai niƙa da iska da bai san abin da gajimare ke shirin yi ba yana iya rasa injinsa. Ya ƙi bin yayin tafiya Italiya neman wuraren zane. A rayuwarsa bai taɓa fita Ingila ba. Ya yi ta zana 'yan kilomitocin da ya yi ƙuruciya a ciki, yana mai imanin cewa su suka mai da shi mai zane. A 1821 da 1822, a Hampstead, ya duƙufa kan zanen gajimare zalla, yana rubuta kwanan wata da sa'a da inda iska ta fito a bayan takarda. Wannan shi ne abin koyi. Tausayin da ke cikin zanensa daga sani ya fito. Bai zana "itace" ba, ya zana wannan itacen, a wannan sa'ar, da iska daga wannan kusurwar. Bayan rasuwar matarsa Maria a 1828 samansa ta yi duhu, fentinsa ya yi kaushi, kuma mai kallo yana iya karanta makokin ba tare da an faɗa masa ba.

Amma shi ma yana da abin da ya ɓoye. Zanensa da ya fi suna, na keken ɗaukar ciyawa a cikin rafi kusa da gidan niƙan mahaifinsa, a ɗakin aikinsa na Landan ya yi shi a 1821. Bai samu mai saye ba a nunin farko, sai a Faris a 1824 aka ba shi lambar zinariya. Masu yankan ciyawa suna ciki, amma can nesa, ɗigo-ɗigo, sai an ƙura ido. A 1822, a wannan yanki na Suffolk, 'yan ƙwadagon gona da yunwa da rashin aiki suka ishe su suna farfasa injinan sussuka suna cinna wa tarin amfanin gona wuta. Constable ya san da haka. Danginsa na cikin masu dukiya. Babu ko alamar hayaƙin a allonsa. Masanin Ingila John Barrell ya yi littafi guda a 1980 a kan yadda zanen karkarar Ingila ya tura talaka can baya domin kada ya ɓata wa mai saye kwanciyar hankali. Duk wanda ya taɓa ganin hoton yarinya ɗauke da itace a ka, an ɗauka da faɗuwar rana an sa a intanet da taken kyawun ƙauye, ya ga irin wannan aiki da kayan zamani.

Akwai kuma wani bambanci da ya sa ba za a kwafo Friedrich a dasa shi a Gaya ba. Shi yana neman wurin da ba hannun mutum. A gabashin Kano da wuya a sami irin wannan wuri. Ƙasa ce da aka daɗe ana nomawa. Tarihin baka ma yana cewa daga Gaya maƙeran da ake kira Abagayawa suka tashi suka je Dutsen Dala neman tama, wato mutanen da suka kalli dutse suka ga ƙarfe a cikinsa. Abin da baƙo ke ɗauka daji ne mai itatuwa jefi-jefi, gona ce, kuma kowace ɗorawa da tsamiya da kanya da ke ciki wani ne ya bar ta da gangan, tana da mai ita, ana gadonta, wani lokaci ana shari'a a kanta. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nuna cewa manoman kewayen Kano, duk da yawansu, tattalin itatuwan gonarsu suke yi, saɓanin zaton masu cewa talaka ne ke jawo hamada. Don haka abin da ke taɓa zuciya a wannan fili ba kaɗaici ba ne irin na mai zuhudu a gaɓar teku. Tarin hannuwa ne: kakan da ya bar gawon nan, iyakar da aka shata da gamba, rijiyar da ta ƙafe a farin 1973, kushewar da ke ƙarƙashin kuka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya kuma san inda inuwa take.

Abin mamaki shi ne ƙarancin wanda ya zana wannan. A falon gidajen ma'aikata a Kano ana ganin hoton Ka'aba da ayoyi cikin firam, wannan daidai ne. Kusa da su kuma sau da yawa kalanda ce mai tsaunukan ƙanƙara da tafkin wata ƙasa da mai gidan bai taɓa zuwa ba. Bayan manyan motoci ma sun fi bangon gida ɗaukar zanen fili. Ana yawan jingina wannan ga addini, amma hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ba. A cikin Bukhari da Muslim akwai labarin mutumin da ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas ya ce sana'arsa yin hotuna ce; bayan ya gargaɗe shi game da surar abu mai rai, sai ya nuna masa mafita, cewa in ba makawa ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Tun farkon ƙarni na 8, a zamanin halifa Walid ɗan Abdulmalik, aka ƙawata bangon babban masallacin Dimashƙ da hotunan koguna da itatuwa da gidaje, ba mutum ba dabba, kuma wani sashe nasu yana nan har yau. Wato a duk rassan zane, na fili ne ƙofarsa ta fi buɗewa ga Musulmi, kuma shi ne aka fi bari. Dalilin ya fi kama da na tarbiyyar ido: makarantar boko ta koya wa ɗalibi cewa abin kallo yana wani wuri, abin da ke bayan gidansu kuwa ƙauye ne kawai. Magina da masu ɗinkin riga sun kai zayyana matuƙa, an kuma koyar da zanen zamani a Zariya tun shekarun 1950, amma tsakanin waɗannan biyun filin gero bai sami mai shi ba.

Sakamakon haka, hoton ƙasar Kano na ƙarni na 19 da duniya ta fi sani aikin baƙo ne. Heinrich Barth ya shigo Kano a watan Fabrairun 1851, shekarar da Turner ya rasu, ya yi 'yan zane-zane a littafinsa na tafiya, ciki har da yadda birnin yake daga kan Dala. Da ya koma, mai zane Johann Martin Bernatz, wanda bai taɓa taka Kano ba, shi ya mai da su hotunan launi da aka buga a littafin Barth na 1857 zuwa 1858. Suna da daraja ƙwarai, amma haskensu da tsarinsu na idon Bajamushe ne da aka horar a wancan zamani.

Za a ce wannan duk maganar ƙoshi ce, a yankin da ke neman asibiti da hanya da malaman firamare. Ƙorafin yana da nauyi, kuma zane ba ya tare ruwa. Sai dai abin da ba a gani ba, ba a jin rashinsa. Tun da kuɗin gas da kananzir suka yi tashin gwauron zabo, buhun gawayi ya zama kuɗi a hannu, tsofaffin itatuwa kuma su ne jari mafi sauƙin taɓawa. Darbejiya, baƙuwar da ta zo a zamanin Turawa, tana cike gurbin da ɗorawa ta bari. Gonakin bakin titi suna zama fulotai. Waɗanda ke sa hannu a takardun da ke yanke hukunci kan waɗannan abubuwa, a ma'aikatu da majalisun ƙananan hukumomi da fadar masarauta, su ne 'yan bokon nan masu ɗaukar hoto ta tagar mota. Idan abin da suka sani game da ƙasar bai wuce adadin hekta a rahoto da kewar ranar Sallah ba, to ba su da ma'aunin abin da ake asara. A Ingila, kwarin da Constable ya zana yana cikin wuraren da doka ta ba kariya ta musamman a yau, kuma sunansa na cikin dalilan da suka sa.

Za a kuma ce waya ta wadatar. Waya tana ɗaukar abin da ke gabanta cikin ƙiftawar ido, shi ya sa mai ita ba ya buƙatar tsayawa. Mai zane dole ya zauna, ya dawo gobe, ya zaɓi abin da zai saka da wanda zai bari, kuma a cikin wannan zaman ne dattijo mai fartanya zai zo ya tsaya a kansa ya gaya masa cewa ya yi kuskure: gawo ba ya ganye da damina. Yana kakkaɓe ganyensa ne idan ruwa ya sauka, ya tsaya tsirara a tsakiyar koren gero ba ya tare masa rana, sai kaka ta wuce komai ya bushe sannan ya yi kore shar, tumaki su taru a ƙarƙashinsa suna jiran 'ya'yansa su faɗo. Mai zanen da ya sa masa ganye a watan Agusta domin allon ya yi kyau, duk ƙauyen za su gane bai taɓa kwana a nan ba.